Kada ka sayar da babur ɗin, ka fara da littafin bashin kawu

Wasiƙar wannan makon daga Garwa ta arewacin Kamaru ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 28, ina da mata da 'ya ɗaya. Na yi BTS, diflomar shekara biyu bayan sakandare, a fannin gyaran kwamfuta, yau shekara huɗu ina aiki a wani shagon buga takardu. In buga, in yi fotokwafi, in sa wa mutane Windows, in gyara firinta. Albashina sefa 55,000. Shekara biyu ke nan ina son in iya rubuta manhaja. Na fara koyon yaren manhaja na Python na bari, na koma Java, sai aka ce Flutter ake yayi, na koma can. Bidiyon darasi ya cika mini kwamfuta, amma in na zauna ni kaɗai ba na iya rubuta layi goma. Yanzu wani ya buɗe kwas na wata uku ta intanet, sefa 250,000, ya ce duk wanda ya gama zai samu aikin Turai daga ɗakinsa, a biya shi da dalar Amurka. Ina tunanin sayar da babur ɗina in biya. Kawuna mai sayar da kayan babur a kasuwa ya ce in bar wasa da kwamfuta in zo shago ya koya mini sana'a. Abokai kuma suna cewa ƙirƙirarriyar basira ta riga ta cinye aikin. Na rasa inda zan sa kaina. Ko na makara ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya yarinyar, ya yi mata albarka.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma maganar babur ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Kada ka sayar. Babur ɗin nan shi ke kai ka aiki, shi ke kai ka gidan wanda kwamfutarsa ta mutu ka samo na cefane, shi zai kai 'yarka asibiti in zazzaɓi ya tashi da tsakar dare. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sefa 250,000 albashinka ne na wata huɗu da rabi. Malamin kirki zai iya yi maka alkawarin abin da zai koya maka, domin wannan a hannunsa yake. Aikin da wani kamfani na Faransa ko Kanada zai ba ka kuwa ba a hannunsa yake ba, to da me zai cika alkawarin? In har zuciyarka ta ƙi sakin maganar, ka nemi ya haɗa ka da mutum uku da suka gama kwas ɗin a hannunsa. Ka kira su da kanka, ka tambaye su abin da suka gina, da wanda ke biyansu yanzu, da hanyar da kuɗin ke iso musu. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka ba tare da ka kashe ko dala ba.

Ba ka makara ba. Amma shekara biyun nan da ka ce ka yi kana koyo, kallo ka yi. Ka tuna yadda ka iya gyaran kwamfuta. Da hannunka ka kwance ta farko, ka manta inda wata waya take shiga, ka yi gumi, ka sake kwancewa. Da a bidiyo kawai ka tsaya, da har yau kana tsoron sukudireba. Rubuta manhaja ma haka take. In kana bin malamin bidiyo, shi ya riga ya yi tunanin, kai kwafa kake yi, shi ya sa komai ke tafiya sumul har ka ɗauka ka iya. Ranar da ya tafi ya bar ka da farin shafi, sai ka tarar ba ka san ta inda ake farawa ba. Ƙwaƙwalwarka lafiyarta lau. Abin da ka rasa shi ne wata matsala ta gaske da za ta hana ka barci har sai ka warware ta. Sannan taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Python da Java da Flutter duk suna da amfani, kowanne akwai mai cin abinci da shi, sai dai wanda ya yi wata biyu a kowanne ya koyi gaisuwa ne a yare uku.

Matsalar da kake buƙata kuwa tana shagon kawunka, a cikin littafin da yake ajiyewa ƙarƙashin kanta.

Ban san shagonsa ba, amma na san irinsa. Ana saro kaya da naira, daga Mubi ko Yola ko can gaba, a biya kuɗin mota da na duwan, wato kwastan, a zo a sayar da sefa. Canjin naira ba ya zama wuri ɗaya. Fulogin da aka saro watan jiya da wanda aka saro shekaranjiya suna cikin kwali ɗaya, amma ba kuɗi ɗaya aka kashe musu ba. Makanikai suna ɗaukar sarƙa da taya da fistin bashi, su kawo rabi bayan kwana goma, su ƙara ɗaukar wani. Yaron shago yana rubutawa in ya tuna. Da dare kawu zai kwanta da tambayoyin da littafin ba zai amsa masa da sauri ba: wa ya wuce wata biyu bai kawo komai ba? Nawa ne jimillar kuɗina da ke hannun mutane? Wane kaya ne ya kwanta tun bara, jarina ya daskare a cikinsa? Tayoyin nan da na sayar, riba na ci ko canji ya cinye ta? Ƙanena, waɗannan su ne tambayoyin da bankuna da manyan kamfanoni ke biyan masu manhaja su amsa musu. Girman lissafin ne kawai ya bambanta.

Yadda za ka tunkare shi yana da muhimmanci ƙwarai, domin nan ne samari da yawa ke ɓata lamarin. Kada ka je kana ce masa littafinsa tsohon yayi ne. Da littafin nan ya ciyar da gida shekara da shekaru, wataƙila har kai ka ci daga ciki. Gayyatar da ya yi maka ƙauna ce, ka karɓe ta a haka. Ka ce masa, "Kawu, ba zan bar aikina yanzu ba, amma ina so in riƙa zuwa duk Asabar in zauna a shago in koyi kaya, ka bar mini rubutun littafi." Ba na jin zai ƙi. Ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka mai tsare masa rubutu ba wasa ya zo yi ba. Ka kuma riƙe cewa bashin mutane sirri ne. Abin da ka gani a littafin nan bai fita bakinka, ko ga mai ɗakinka.

Watan farko kada ka rubuta manhaja ko layi ɗaya. Ka kwashe abin da ke littafin ka zuba a Excel, ko LibreOffice Calc da yake kyauta ne. A nan za ka fara cin karo da abubuwan da bidiyo bai taɓa nuna maka ba. Za ka tarar da mutum uku masu suna ɗaya, kawu yana bambance su a kansa, takarda ba ta bambance su ba. Za ka tarar da kaya ɗaya mai suna uku, na Hausa, na Faransanci, da wanda makanikai suka laƙa masa. Wani shafin babu kwanan wata, wani an soke lamba an rubuta wata a sama. Dole ka ba kowane mutum da kowane kaya lambar da ba ta canzawa, kuma ranar da ka gane dalilin haka da kanka, ka riga ka fahimci ginshiƙin rumbun bayanai fiye da wanda ya haddace ma'anarsa don jarrabawa.

Daga nan sai SQL. Shi ne yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, tun shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM, kuma har yau da shi ake aiki. Yaruka da yawa sun yi tashe sun wuce, shi yana nan. Kalmomin da za ka riƙa amfani da su kullum kaɗan ne. Ka yi amfani da SQLite, wanda duk rumbun fayil ɗaya ne tak, ba ya neman intanet, ba ya neman babbar kwamfuta, kuma yana cikin wayar Android ɗin da ke aljihunka tun da ka saye ta. Jadawali huɗu sun ishe ka: na kaya, na abokan ciniki, na sari, na ciniki da biya. Ka zauna a kansu har sai ka iya fitar da sunayen waɗanda bashinsu ya wuce kwana sittin, daga mai yawa zuwa mai kaɗan, da umarni ɗaya. Ka buga takardar a shagonku ka kai wa kawu. Ka lura da fuskarsa ranar nan.

Sai bayan haka ka koma Python, shi kaɗai. Na zaɓar maka shi ne don ka riga ka taɓa shi, rubutunsa a fili yake, kuma yana zuwa da abin da zai yi magana da SQLite a cikinsa, ba sai ka sauke komai ba. Da shi za ka gina abin da yaron shago zai shigar da ciniki a ciki ba tare da ya san SQL ba, ya fitar da rasit, ya yi gargaɗi in wani kaya ya kusa ƙarewa. In lokaci ya yi da kawu ya ce yana son ya duba a wayarsa, sai ka koyi HTML da ɗan JavaScript, waɗanda ake gina shafukan intanet da su, kuma za su shiga kanka da sauri domin ka san abin da ka je nema.

Akwai ƙa'idoji kaɗan da nake so ka riƙe tun farko, domin kuɗin mutane za ka taɓa. Kada manhajarka ta goge abin da aka shigar. In an yi kuskure, a ƙara sabon layi da ke gyara shi, yadda kowa zai ga abin da ya faru da ranar da ya faru. Canjin naira na ranar da aka saro kaya, a ajiye shi tare da wannan sarin, kada canjin yau ya koma ya sauya ribar watan jiya. Kuɗi kuma ka ajiye shi da cikakkiyar lamba. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2 ka gani: ba zai ba ka 0.3 cif ba, 0.30000000000000004 zai ba ka, saboda kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma wasu ɓangarorin lamba ba sa zama daidai a wannan tsarin. Ɗan bambancin nan in ya taru a dubban layuka sai lissafi ya ƙi haɗuwa, a fara zargin yaron shago da abin da bai yi ba. Mu da ke aiki da sefa mun huta ta wannan gefen, tunda ba ma ciniki da rabin sefa.

Ƙa'ida ta ƙarshe da ciwo na koye ta. A farkon aikina na shirya wa wani ɗan kasuwa lissafinsa a kwamfuta, ya yarda da ni har ya daina rubutu a littafi. Wata bakwai komai na tafiya daidai. Ran nan cikin bazara faifan ajiyar kwamfutar ya mutu, ba ni da kwafi ko ɗaya. Mutumin bai zage ni ba. Ya zauna ya yi shiru, sannan ya fara kiran masu bashinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu nawa yake binsu. Wasu sun faɗi gaskiya. Har yau in na tuna zaman nan nasa sai ƙirjina ya yi nauyi. Don haka kowace yamma a kwafi fayil ɗin a filash, wani kwafin kuma ya kwana a wani gida dabam, kuma kawu ya ci gaba da littafinsa tare da kwamfutar aƙalla wata uku, kuna gwada lissafin biyu duk ƙarshen mako.

Na san halin wuta a Garwa. Yawancin wutar arewa daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Gidar da Marwa sun rage wahalar, ba su kawar da ita ba. Shi ya sa duk abin da na zaɓar maka yana aiki babu intanet. Littafin bayanin Python ana sauke shi gaba ɗaya a ajiye, kuma an fassara babban ɓangarensa zuwa Faransanci. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin duk canjin da aka yi wa manhaja, a kan kwamfutarka yake aiki, sai ranar da ka samu data ka tura aikin GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan ayyuka. In za ka tura, ka cire sunayen gaske da kuɗin gaske ka sa na ƙarya. Lokacin karatu kuma bayan sallar asuba ya fi, awa ɗaya da rabi, kafin zafi ya taso, batir na cike, gida shiru. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana kashe kwamfuta kamar yadda ƙurar hunturu ke toshe mata fanka, amma wannan kai za ka koya wa wani. Ka zauna da mai ɗakinka ka gaya mata shirin da tsawonsa, domin daga lokacinta za a yanki wannan awa ɗaya da rabin, kuma ta cancanci ta san me ake nema da shi.

A farkon 2017 wani yaro ɗan shekara 17 daga Bamenda, Nji Collins, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga cikin manyan zakarun gasar Google Code-in, a daidai lokacin da aka katse intanet a yankinsu na wajen wata uku, har sai da ya tafi Yawunde don ya samu hanyar shiga. Abin da nake so ka ɗauka daga labarinsa shi ne irin gasar: ƙananan ayyuka aka riƙa ba yara a cikin manhajojin da mutane ke amfani da su da gaske, su kammala, a duba, a ce su gyara, su gyara. Kammalawa aka riƙa ƙirgawa.

In kana son darasi mai tsari a gefe, shafin OpenClassrooms na da na Python da SQL da Faransanci, kuma jami'ar Harvard ta saki darussanta na CS50 kyauta, har da na Python da na SQL. Ɗaya za ka zaɓa, ka riƙa komawa gare shi in ka maƙale. Turancin Ingilishi kuwa ba makawa, domin da shi kwamfuta ke gaya maka kuskurenka. Ba sai ka iya zance da shi ba tukuna. Ka saba karanta saƙon kuskure a hankali, daga layin ƙarshe zuwa sama, ka ajiye ƙaramin littafi kana rubuta kowane sabon saƙo da abin da ya warware shi. Saƙonnin maimaita kansu suke yi, bayan 'yan watanni za ka gane yawancinsu da kallo ɗaya.

Maganar abokanka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye maka ba. Tun da ChatGPT, wato ƙirƙirarriyar basirar da ake hira da ita, ya fito a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su, kamar haɗa shafin talla mai sauƙi, sun yi araha ƙwarai. A ganina wanda iyakarsa kwafar abin da malami ya rubuta, shi ne ke cikin haɗari. Amma na'urar ba za ta je kasuwa ta zauna kan benci ta gane cewa wani makaniken ba a matsa masa saboda surukin kawu ne ba, ba kuma ita za a kira ba in lissafi ya ƙi haɗuwa ranar Alhamis da yamma. Ka yi amfani da ita kamar babban ɗalibin da ke kusa da kai. Ka fara rubuta naka, in ya ƙi aiki ka tambaye ta dalili, kuma kada ka saka layin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba, domin tana yin kuskure cikin cikakkiyar natsuwa. Sunayen masu bashin kawu kuma kada su shiga cikinta.

Takarda tana da ranarta. In gwamnati ko babban kamfani kake hange, za a tambaye ka difloma, kuma BTS ɗinka na iya buɗe maka ƙofar digirin sana'a (licence professionnelle) na shekara ɗaya. Cibiyar fasaha (IUT) ta jami'ar Ngaundare na da sashen kwamfuta, haka ma Politeknik ta Marwa, ga kuma jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 a ƙofar gidanka. Ka je da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗa da kuɗi, ka shiga adashe don wannan in ka ga zai yiwu baɗi. Jarrabawar CCNA ta Cisco dalar Amurka 300 ce, ta masu harkar haɗa netwok ce, wata hanya ce dabam, ka bar ta tukuna. Hanyar da na ɗora ka a kai tana da masu nema a nan arewa. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki wajen Marwa da Mokolo da Kuseri suna tattara bayanai da KoboToolbox da ODK, ma'aikatar lafiya na amfani da manhajar DHIS2, ga Sodecoton da hedikwatarta ke Garwa da lissafin manoman auduga, ga ƙananan bankunan ajiya da lamuni, ga makarantu masu zaman kansu da kuɗin ɗalibai. Duk suna da bayanai jibge, masu iya tsabtace su su fitar da amsa kuma ba su da yawa a cikinmu. Ban ce aiki na jiranka ba. Na ce ranar da aka kira ka ganawa, kai za ka buɗe kwamfuta ka nuna abin da wani shago ya yi wata shida yana amfani da shi kullum, ka faɗi inda ya taɓa lalacewa da yadda ka gyara.

Ƙiyasina, in ka riƙe asuba da Asabar, wata tara zuwa shekara. Aikinka na shagon buga takardu kada ka sake shi a wannan tsakanin. Zai yiwu maƙwabtan kawu a kasuwa su fara tambayar wa ya yi masa, to ka sa musu ɗan kuɗin wata na kulawa, kada ka yi kyauta. Zai kuma yiwu ka zauna a shagon ka tarar kasuwar ce ta fi kwanta maka, wannan ma ba faɗuwa ba ce, kawu ya samu magajin da ya iya lissafi.

Asabar mai zuwa ka hau babur ɗinka ka je ka gaishe shi. Bayan wata ɗaya ka sake rubuto mini, ba na son sunaye ko adadin kuɗi, ka gaya mini kawai mutum nawa ka tarar masu suna ɗaya a littafin, da yadda ka raba su. Ka gaida mai ɗakinka da 'yar tawa.